Ƙarfe Biyu da Kwata

"Hansai, rubuta! Biyu da kwata, zuciya ta tsaya!" in ji nas Ramatu, tana danna ƙirjin Malam Yero, makiyayin da aka ɗauko daga Ruma.

Hansai, abokiyar aikinta kuma aminiyarta tun suna makaranta, ta ja fayil ta rubuta. Likita bai iso ba sai la'asar. Yero ya riga ya cika.

Da aka turo mai bincike daga Katsina, Ramatu ta miƙa masa fayil ɗin hankalinta kwance. Ya karanta a fili: likita ya iso biyu da rabi, Ramatu ce ba ta wurin.

Ta juya ta kalli Hansai.

Hansai ta sunkuyar da kai. "Ki yafe mini, Ramatu. Shekaranjiya iyayen likita suka je gidanmu a Batsari neman aurena."