Rijiyar da Ta Mayar da Ajiya

Ilyasu, na san yanzu Kansila ake ce maka, amma ni na koya maka riƙe fensir, saboda haka zauna ka saurara. Na gaji da zuwa kan maganar tifofin da ke juye shara a kududdufin bayan firamare kana ce mini ana dubawa. Yau misali zan ba ka.

An yi wani dillalin filaye a wata unguwa mai tsohon kududdufi, wanda daga cikinsa kakanni suka haƙi ƙasar da suka gina gidajensu. Da damina duk ruwan unguwar can yake gangarawa ya kwanta, kwaɗi su yi ta biki. Da rani kuma akwai wani mai jakuna da ke bin jujin unguwar. Sai ya ware leda da kwalabe da gwangwanaye gefe, ya cika mangala da toka da kashin awaki da ruɓaɓɓen ɓawon kayan miya, ya kai gonakin bayan gari. Da kaka wannan sharar take dawo wa mutane gero da dawa. Dillali ya dubi kududdufi, bai ga komai ba sai fili. Ya kori mai jakuna, ya sa a riƙa tura sharar cikin ramin yadda ta zo: leda, matattun batura, mushen kaji, alluran da aka yi wa marasa lafiya, har da abin da aka kwaso daga masai. Mai jakuna ya kaɗa jakunansa ya ce, "Alhaji, ƙasa ba ta cin abin da ba ta sani ba. Ajiya ce ka ba ta." Da rami ya cika aka zuba jar ƙasa a kai, aka daddaɓe, aka yanka fulotai. Mafi girma, wanda ke daidai inda ruwa ya fi zurfi a da, dillali ya gina wa kansa, ya haƙa rijiya a tsakar gida.

Kaji ne suka fara ganewa, suka ƙi tono a gidan. Ko tururuwa ba a gani. Daɓen ɗaki kullum da ɗumi kamar jikin mai zazzaɓi, ko a tsakiyar sanyi. Ran da aka yi ruwan farko, da hantsi, aka tarar da kwaɗi sun cika ƙofar gida, sun jeru suna fuskantar zaure, babu mai kuka ko ɗaya. Aka kore su da tsintsiya, kashegari suka dawo. Matar gidan ta ƙyasta ashana kusa da wata tsaga a gindin murhu, sai wata shuɗiyar wuta ta tsaya a kan tsagar, ba itace ba hayaƙi, tana ci shiru har la'asar. Ruwan rijiya ya fara tsami, yana barin baƙin zobe a cikin randa. Sannan guga ya soma fitowa da kaya: yau silifa ƙafa ɗaya, gobe curin gashin da wata ta taje ta yar, jibi sirinji. Wata rana ya fito da tsohuwar hula. Dillali ya juya ta, ya ga ƙunar garwashi a gefenta, ya gane tasa ce, da hannunsa ya jefa ta a bola shekarun baya.

Sai ya ce aljanun ruwa ne. Aka yi turare, aka yi tofi, aka yanka baƙin bunsuru. Abu ɗaya ne bai yarda a yi ba, wato a fasa daɓe a duba ƙarƙashi, domin ya san abin da ke ciki. Ya rufe rijiyar da siminti, ya koma sayen ruwa wurin 'yan garuwa. Amma 'yan garuwa daga rijiyoyin maƙwabta suke ɗebowa, rijiyoyi kuwa a ƙarƙashin ƙasa duk dangin juna ne. Abin da ya shiga tasa ya riga ya tsiyaya zuwa nasu. Amai da gudawa suka bi unguwa gida-gida, autar dillali tana cikin waɗanda aka fara ɗauka zuwa kushewa. Da masu jana'iza suka dawo daga maƙabarta, sai suka tarar murfin rijiyar ya tsage biyu, kwaɗi suna zaune a bakinta, shiru. A bayan gari kuma gonakin da taki ya yanke musu sun yi fari fat, hatsinsu ko ƙugu bai kai ba.

To, Ilyasu, ban zo roƙo ba. A tsayar da tifofin nan. A kwashe abin da aka riga aka zuba kafin ruwa ya sauka, kuma wanda ya ba da izinin zubawa shi zai ɗauki nauyin kwasar, ba iyayen yara ba. A bar masu tsintar shara su koma aikinsu, mai ruɓewa ya tafi gona, leda da gwangwani su tafi wurin masu narkarwa.

Wannan kwalbar da na ajiye a gabanka ruwan rijiyar makarantar ne, da safen nan na ɗebo. Shi 'ya'yan mutane suke sha, har da naka. Buɗe ka shinshina. In ka iya, kurɓa. Na ga ka kau da kai. Ba laifinka ba ne, hanci ba ya siyasa. Amma kada ka ce mini aljanu ne, domin Hausawa sun riga sun faɗa: ruwa ba ya tsami banza.