Mai Amya da Ɗoɗɗoyar Kurmi

Kai da samun maƙwabci ke hana ka barci, gyara zama ka ji wannan.

An yi wani mai kiwon zuma da ya san wani lungu a cikin kurmi inda ɗoɗɗoyar daji ke fitowa, mai 'yan ƙananan furanni fari-fari da ƙamshi mai hawa ka. Ganyenta yake murzawa ya goge cikin amyoyinsa na saƙar ciyawa, ya ɗora su kan bishiyar ɗorawa, ƙudan zuma kuwa ba sa iya wuce wannan ƙamshi. Shekara da shekaru shi kaɗai ke cin karensa babu babbaka. Kwatsam, rannan sai ga maƙwabcinsa ya fito daga lungun, hannu cike da ganye. Ranar ko tuwo bai haɗiyu ba! Kurmin Allah ne fa, ba gonar ubansa ba, amma ina, hassada ta riga ta ci shi. Da kaka ta yi, ciyawa ta bushe, ya faki idon mutane da tsakar rana ya ƙyasta wa lungun ashana, yana cewa a ransa, "Nawa dai sun cika, kowa ma ya rasa."

Wuta ta lashe ɗoɗɗoya yana murmushi. Sai iska ta juya, ta nufi ɗorawarsa. Ya karyo ɗanyen reshe yana bugu, ya kashe nan ta tashi can. Ya buɗe baki zai yi kururuwa, ya tuna duk wanda ya kawo ɗauki sai ya tambayi wa ya cinna, ya haɗiye abinsa. Hayaƙi ya cika masa ido, tafin hannunsa ya saɓule, yana ji yana gani amyoyin suka kama ɗaya bayan ɗaya, zuma na tsiyaya cikin toka. Ƙudan da suka tsira suka tashi baƙi ƙirin, suka haye rafi, suka shige sababbin amyoyin maƙwabcin nan, waɗanda ya goge da ɗoɗɗoya.

Da lokacin ɗiba ya zo, maƙwabcin ya yi masa sallama da ƙwarya cike da saƙar zuma. Ya ce, "Malam, Allah ya mayar da alheri, Allah kuma ya tona asirin wanda ya yi maka wannan. Ga shi, yara su lasa." Ya miƙa hannayen nan masu tabon ƙuna ya karɓa, amma amin ɗin ya ƙi fitowa.

Shi ya sa Hausawa suka ce, in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere.