Ranar da Sabis Ya Iso Ƙauye

Wayarsa ta yi ƙara. Kiran bidiyo ne daga Inna. Jiya aka kunna sabon ƙarfen sabis a ƙauyensu.

Shekara guda yana fakewa da rashin sabis, don kada ta ga yadda gobarar masana'anta ta cinye masa rabin fuska. Yau kam ba mafaka. Ya runtse ido, ya ɗaga.

"Inna, kada ki tsorata..."

"Tsoron me? Kai, ɗan nan, har ƙiba ka yi!"

Ya buɗe ido. Bango take yi wa murmushi, can gefen wayar da aka riƙe mata. Idanunta sun yi fari fat.

Ashe ita ma da rashin sabis ɗin take fakewa.