Layi Biyu da Jan Biro

Vernon Haugland ya dire fayil a teburin matar da ke ofishin jami'a har kofin gahawarta ya yi tsalle. Takarda arba'in da ɗaya ce a ciki, kowacce ya ja wa muhimmin wurinta layi biyu da jan biro, don a ganinsa ma'aikacin ofis sai an dangwala masa abu a ido yake gani.

Maganar 'yarsa Kendra ce, ga ta nan zaune a gefensa tana murza yatsu. Jami'ar jiharsu, Montana, ta ɗauke ta karatun jinya, amma ta jefa sunanta cikin jerin baƙi. Abin da ɗan jiha yake biya, baƙo sai ya ninka shi uku. Idan ba a gyara ba zuwa Juma'a, Kendra ta koma soya ƙwai a gidan abincin bakin titi ke nan, karatu kuwa sai dai ta ji ana yi.

Wai baƙo! Shi da kakansa ma a maƙabartar garin nan yake kwance! Shekara biyu kacal ya yi a rijiyoyin man Dakota ta Arewa, ya tafi da yarinyar don babu uwar da zai bar wa ita. Doka ta ce wanda neman abinci ya fitar bai rasa matsayinsa a Montana ba, muddin bai taɓa sa hannu a wata takarda cewa shi ɗan wata jiha ne ba. Vernon ya san dokar nan kamar yunwar cikinsa. Lasisin tuƙi bai canja ba, lambar mota bai canja ba. Ƙuri'arsa ta gidan waya ya aiko, harajinsa nan gida ya biya.

Shi ba sakarai ba ne irin Lyle Ostby. Maƙwabcinsa ne, tare suka tafi Dakota, tare suke zuwa tafki kamun kifi duk ranar Lahadi, har ranar da kamfani ya tsallake Vernon ya naɗa Lyle shugaban ma'aikata. Bara jami'ar nan ta gano wani abu a takardun Lyle, ɗansa ya tattara littattafai a tsakiyar zango, yanzu haka ciyawa yake lodawa a gonar wani. Vernon bai ɓoye dariyarsa ba. Wanda bai iya kula da takardunsa ba, me ya kai shi jagorancin maza?

Matar, Misis Pettibone aka rubuta a ƙofarta, ta gyara tabarau ta fara buɗe shafuka. Vernon ya ƙare mata kallo: tsohuwar rigar sanyi, tukunyar fure da ta bushe a taga. A ce irin wannan ce ke riƙe da makomar 'yarsa.

"Baiwar Allah, bi a hankali, kada ki wahalar da kanki," in ji shi. "Inda na ja layi, nan kawai za ki duba."

Ta daɗe tana kallon layukan, fiye da yadda karatu ke buƙata. Sannan ta rufe fayil ɗin.

"Mista Haugland, kana kamun kifi?"

"Shi ma sai an biya wa jami'a kuɗinsa?"

Ba ta yi dariya ba. Ta ce a watan Mayun shekararsa ta farko a Dakota ya yanki lasisin kamun kifi, kuma irin na 'yan jiha ya yanka, wanda ya fi na baƙi arha da 'yan daloli. Ba a ba mutum shi sai ya sa hannu cewa can ne gidansa.

Nan take kantin da ya yanki lasisin ya dawo masa a rai, har da warin tanar kamun kifi da ake sayarwa a gwangwani. Mai kanti ya tambaya ko shi ɗan jihar ne, shi kuwa ya ƙyafta ido ya sa hannu, yana jin ya yi wa gwamnati wayo.

"Baba?" in ji Kendra.

Bai dube ta ba. "Wane munafuki ne ya kawo muku wannan? Ai ba mafarkinsa kuka yi ba."

"Wasiƙa aka aiko."

"Na sani! Ko suna bai sa ba, ko? Matsoracin banza. Mutum ya zauna da furfurarsa ya rubuta takarda don ya kashe wa ɗan wani karatu? Wallahi kare ya fi shi daraja. Nuna min ita, zan gane ɗan iskan ko da ƙafa ya yi rubutun."

"Suna kam bai sa ba," in ji Misis Pettibone. "Kuma ba a kanka ya rubuto ta ba."

Ta jawo wani tsohon fayil daga aljihun teburi. Ta ce bara wasiƙar ta zo, da rabin rasit a manne, an datse ƙasansa da almakashi. Su kuwa ba sa aiki da rabin takarda, sai suka nemi cikakken daga hukumar da ta bayar da lasisin. Ashe lasisi biyu aka yanka a rasit ɗin.

"Suna na biyun sai na ajiye shi," ta ce. "Na san wata rana mai shi zai shigo."

Ta ajiye wasiƙar kusa da takardunsa arba'in da ɗaya. Kendra ce ta fara sunkuyawa. Ba ta karanta ko kalma ɗaya ba. Ta dubi layi biyu ja da aka ja a ƙarƙashin sunan Lyle Ostby, sannan ta ɗago a hankali ta dubi biron da ke maƙale a aljihun rigar ubanta.