Ɗakin Mutum Ɗaya

Tun da aka kafa dokar kowa ya zauna a ɗakin da ke daidaita sanyi da haske da jikinsa, Kuluwa ba ta ƙara yin gumi ba. Baƙi ma sun ɗauke ƙafa.

Ranar Juma'a ƙaninta Barau ya zo daga Gusau. Yana zama kan tabarma, bango ya yi magana: "Jiki biyu sun yi yawa. Ɗaya ya fita."

"Yaya, bari in tafi, kada a ƙwace miki ɗakin."

"Haba Barau, ko ruwa ba ka sha ba."

Ya ɗauki hularsa ya fita. Kuluwa ta yi sauri ta koma inda ya tashi, ta zauna kafin ɗakin ya sanyaya wurin.