Kwarin Hanyar Argungu

Duk Birnin Kebbi an san halin Dikko da tsohuwar motarsa ta alfarma. In aka iso kwarin hanyar Argungu, kowa sai ya sauka ya taka da ƙafa, don a tausaya wa sifirin ƙarƙashin motar, wanda ke cinye masa albashi a wurin bakanike.

Ranar nan Riskuwa, wadda yake nema da aure, tana zaune a baya da gwaggonta Laure. Da suka iso bakin kwarin, Dikko ya taka birki kamar kullum.

"Mutumin da ka sauke mutane don ƙarfe," in ji Gwaggo, ko rage murya ba ta yi ba, "mi za shi yi ma ɗiyarmu?"

Riskuwa ta sunkuyar da kai, ta kai hannu ga ƙofa. Dikko ya dube ta ta madubi.

"Zauna, Riskuwa."

Ya saki birki. Motar ta faɗa kwarin, wani abu ya karye a ƙasa, bayanta ya zube. Ko ido bai ƙifta ba.

"Sifirin ne, Gwaggo. Akwai irinshi Sakkwato. Ita ko babu irinta."

Riskuwa ta janye hannunta, ta gyara mayafi, ta jingina da kujera.

"Gwaggo, ki hwaɗa ma Baba shi sa rana."