Mai Katako Ya Ci Zaɓe

Ɗan sandan da ke bakin ƙofa ya gitta mata kulkinsa. Ba mai shiga, in ji shi, sai an gama tattara sakamako.

Malama ta ja da baya ta jingina da tagar zauren. Ita ce babbar 'yar Mai Katako, ɗan takarar shugabancin ƙaramar hukuma, amma ba wannan ya kawo ta ba. Wurin Baffa ta zo, ƙanen mahaifinta, da saƙon Inna. Ta cikin gilashi tana hango shi a teburin wakilan jam'iyyu, tabarau a ƙarshen hanci, wayarsa a kashe kamar ta kowa a ciki.

Sai ga Lauya ya fito, mutumin da ya tsaya wa mahaifinta mataimaki. Ƙamshin turarensa ya riga shi isowa. Ya je gidansu ɗazu, don haka shi kaɗai a wurin ya san abin da ke tafe da ita.

"Ƙanwata, ki rufa mini asiri," ya ce ƙasa-ƙasa. "Saura kaɗan. Da baturen zaɓe ya sa hannu, ni da kaina zan fito miki da Baffa."

"Kai ka ce a hana ni shiga?"

Ya gyara hularsa ya koma ciki. Ta bi babbar rigarsa da kallo, sabuwa fil, ko allin tela bai gama fita daga wuyanta ba. A barandar kotu mahaifinta ya tsinto shi, yana zaman jiran wanda zai kira shi ya rubuta masa takardar sayen fili.

Farfajiyar cike take da masoya. A ƙarƙashin bishiya Mai Lasifika, mai yi wa mahaifinta shela a kamfe, ya kara waya a kunne, ya durƙusa har ƙasa yadda kowa zai gan shi.

"Ranka ya daɗe, muna kan gaba. To, ranka ya daɗe. Zan gaya musu." Ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa. "Maigida yana gaishe ku. Ya ce ni zan riƙe masa harkar kasuwa."

Aka yi masa tafi. Malama ta ƙara matse jakarta a hammata. Wayar mahaifinta tana ciki, ita ta kashe ta da hannunta.

Wani ɗan kwangila, da kishi ya ci shi, ya rantse yanzu ya baro Mai Katako a falo suna shan shayi, har ya yi masa alkawarin aikin magudanar ruwa. Shugabar mata ta ce ai ita tun jiya aka ba ta nata. Da ta hango Malama sai ta taho tana rangaji, ta rungume ta kamar tare suka tashi.

"'Yar shugaba. Ina Baban namu? Gajiyar kamfe ce ta hana shi fitowa ko?"

"Ya huta," in ji Malama.

"Gwamma haka, gobe akwai aiki."

A ciki ana ta karanta sakamakon mazaɓu ɗaya bayan ɗaya, lasifika tana kawo shi waje. Duk mazaɓar da Mai Katako ya ɗauka, sai wasu daga magoya bayan abokin hamayyarsa su sulale su tsallako wannan ɓangaren. Ta ga wani ya cire hular jam'iyyarsu ya cusa a aljihu, ya zaro ta mahaifinta daga ɗaya aljihun. Da su biyun ya fito daga gida.

Gardama ta ɓarke a kan wasu ƙuri'u da tawada ta ɓata. Baffa ya miƙe, ya ce sai an sake ɗaga su ɗaya-ɗaya kowa ya gani. Jijiyar wuyansa ta tashi. Shi babu abin da aka yi masa alkawari. Tun suna sauke katako daga mota da kafaɗarsu yake bin yayansa, yau ma abin da ya zaunar da shi ke nan tun safe ko ruwa bai sha ba. Shi kaɗai ne Malama ta kasa kallo.

Lauya kuwa ba ƙuri'u yake kallo ba. Idonsa yana kan biron baturen zaɓe.

Biron ya sauka. Aka faɗi sunan Mai Katako, farfajiya ta kaure da ihu. Lauya ya fito yana ɗaga hannu biyu sama, yana karɓar barka kamar shi aka zaɓa. Da ya zo wucewa ta gabanta sai ya kau da kai. Mai Lasifika ya hau bayan mota yana cewa a tafi gida a ɗauko shugaba a kafaɗa a zaga gari da shi. Za ku ɗauke shi kuwa, Malama ta ce a ranta.

Ɗan sandan ya janye kulkinsa. Baffa ya fito a ƙarshe, rigarsa jiƙe da gumi, yana dariya har da hawaye.

"'Yata, kin ji? Yayana ya ji? Ba ni wayarki in gaya masa da bakina."

Ta kama hannunsa da hannayenta biyu, ta ja shi gefe, ta zaunar da shi a kan matakala. Sannan ta tsugunna a gabansa.

"Baffa, kai ake jira a gida tun azahar. Inna ta ce ba wanda zai yi wa gawar Baba wanka sai kai."